Sakin Fursunonin Ƙwaya Kafin Wa'adi a Amurka: Tambayoyi da Amsoshi

Su wane ne ake magana a kansu?

Mutanen da aka ɗaure saboda mallakar miyagun ƙwayoyi, ko sayar da su, ko dakonsu, alhali ba su kashe kowa ba, ba su ji wa kowa rauni ba. A cikinsu akwai ɗan shaye-shaye, akwai ƙaramin dillali na bakin titi, akwai macen da ta riƙa isar da saƙo ga masu safara. Kusan rabin fursunonin gwamnatin tarayyar Amurka laifin ƙwaya ne ya kai su.

Yaya aka yi suka yi yawa haka?

Shugaba Nixon ne ya kira shaye-shaye babban maƙiyin al'umma a 1971, amma dokar 1986, a zamanin Reagan, ita ta ɗaure wa alƙalai hannu. Ta ƙayyade mafi ƙarancin ɗaurin da dole a yanke, gwargwadon nauyin abin da aka kama, ba tare da duba ko wane ne mutumin ba. A wancan lokaci, giram 5 na dunƙulalliyar hodar iblis, wadda ake kira kirak, shekara 5 ke nan a gidan yari. Mai garin hodar kuwa sai an same shi da giram 500 kafin ya sha irin wannan ɗauri. Giram 5 fa bai wuce cikin ƙaramin cokali ba. Kirak ta fi araha, an fi kama mutane da ita a unguwannin talakawa baƙaƙen fata, don haka a kansu dokar ta fi sauka. A ganina wannan zalunci ne da aka rubuta a takarda, kuma shi ne tushen duk wannan muhawara.

Me aka gyara zuwa yanzu?

A 2010 Obama ya sa hannu a dokar da ta rage bambancin daga ninki 100 zuwa 18, sai dai ba ta waiwayi waɗanda ke ciki tuni ba. A 2014 hukumar tsara hukunce-hukunce ta ƙasar ta sassauta ma'aunin ɗaurin ƙwaya, abin da ya sa aka saki kimanin mutum 6,000 a ƙarshen 2015. Sai Dokar Matakin Farko da Trump ya sa wa hannu a Disamban 2018, bayan sanatoci 87 sun goyi baya, 12 sun ƙi. Ita ce ta bai wa tsofaffin fursunonin kirak damar komawa gaban alƙali neman ragi.

Akwai kuma afuwar shugaban ƙasa. Alice Marie Johnson ta yi shekara 21 tana zaman ɗaurin rai da rai a kan laifinta na farko, kafin Trump ya sassauta mata a 2018, bayan Kim Kardashian ta kai masa kokenta. Na yi mata murna, amma abin yana min ciwo: wanda ba shi da fitaccen mutum da zai shige masa gaba fa?

Masu adawa me suke cewa?

Suna da hujja, kada a raina ta. Fiye da kashi 90 cikin 100 na shari'un tarayya ba sa zuwa ga sauraron shaidu, sasantawa ake yi: wanda ake tuhuma ya amsa ƙaramin laifi, mai gabatar da ƙara ya janye babba. Ke nan mai bindiga a ƙugu zai iya fitowa a takarda a matsayin wanda bai taɓa kowa ba. Sanata Tom Cotton na cikin waɗanda suka yaƙi dokar 2018, yana cewa za ta saki mutane masu haɗari. Sannan uwar da ta binne ɗanta saboda fentanil, wata ƙwaya mai tsananin ƙarfi, ba za ta yarda cewa dillali bai cuci kowa ba. An yi shekaru a jere, daga 2021 zuwa 2023, mutum sama da 100,000 na mutuwa duk shekara a Amurka saboda ƙwaya ta yi musu yawa.

To waɗanda aka saka, suna komawa ruwa?

Wasu suna komawa. Tambayar da ta fi muhimmanci ita ce ko sakin da wuri ne ke jawo hakan. Hukumar tsara hukunce-hukunce ta bi sawun fursunonin kirak da aka rage wa wa'adi bayan wani sassaucin ma'aunin ɗaurin kirak da ta yi a 2007, tsawon shekara 5. Kusan kashi 43 cikin 100 sun sake faɗawa hannun hukuma, waɗanda suka cika wa'adinsu kuma kusan kashi 48. Ƙarin shekarun bai sayo wa jama'a ƙarin tsaro ba, ya dai raba 'ya'ya da iyayensu.

Wannan zai kawo ƙarshen cunkoso?

A'a. Yawancin fursunonin ƙasar a hannun jihohi suke, kuma a can fiye da rabi laifin kisa, fashi, fyaɗe ko duka ne ya kai su.

Me ke jiran mutum ranar da ya fito?

Nan ne hankalina ya fi tashi. Yana fitowa da 'yar jakar kayansa da tabon laifi a takardunsa, mai gidan haya ya duba ya ƙi shi, mai ba da aiki ma haka. Ga kuma haɗarin da ba a cika faɗa ba: jikin da ya daɗe bai sha ba ya daina jurewa, awon da ya saba sha a da yanzu zai iya kashe shi. Wani bincike a jihar Washington da aka wallafa a 2007 ya gano cewa a makonni biyu na farko bayan saki, haɗarin mutuwa ta wannan hanya ya ninka na sauran jama'a sau 129.

Jihar Texas, wadda ba a san ta da sassauci ba, ta gane haka a 2007. Maimakon gina sababbin gidajen yari, ta zuba dala miliyan 241 a cibiyoyin jinyar masu shaye-shaye da sa ido kan waɗanda aka saka. A 2011 ta rufe gidan yari sukutum, daga baya ta ƙara rufe wasu.