Ƙafar jariri ta yi sanyi ta canja launi? Kada a gasa

Iyaye mata, kakanni da ungozomomi, in kun zo wankan jariri ku riƙa duba tafin hannunsa da na ƙafarsa. Idan ƙafa ɗaya ta kumbura, ko ta yi sanyi ƙalau alhali 'yar'uwarta na da ɗumi, ko tafin ya yi fari fat ko ya koma shuɗi-shuɗi, mai yiwuwa gudan jini ne ya toshe jijiya. A tafi asibiti a lokacin, ko da tsakar dare ne. Tsumma da ruwan zafi ba sa narkar da gudan jini, sai dai su ƙona fatar, tausa kuma ɓata lokaci ce.

Ba kasafai ake samun wannan ba. An fi ganinsa ga bakwaini da jariran da aka kwantar aka sa musu siririyar roba ta cibi. Ciwon suga ga uwa, ƙwayar cuta a jini, da ƙarancin ruwa a jikin yaron da bai samu nono sosai ba, musamman da bazara, duk suna iya jawo shi. In a jijiyar ƙoda gudan jinin ya tsaya, sai a ga jini a fitsari da ƙullutu a gefen ciki. In a ƙwaƙwalwa ne, jijjiga ce alamar.

A asibiti za a yi hoto da gwajin jini. Wani ƙaramin gudan jinin, ido kawai ake sa masa, jiki ya narkar da abinsa. Wani kuwa sai an ba da maganin hana jini daskarewa, wato heparin, ko allurar enoxaparin a ƙarƙashin fata sau 2 a rana, galibi daga mako 6 zuwa wata 3. Kada a daina don an ga kumburi ya saɓe, kada kuma a sayo asfirin a kemis a ƙara masa.

Ga inda na fi jin tsoro. Wannan allura tana hana jini saurin daskarewa, don haka ɗan yanka kaɗan sai ya yi ta zuba. Cire beli dama ba ma goyon bayansa, balle ga yaron da ke kan wannan magani. Kaciya, tsaga, hujin kunne, har askin suna da aska, duk a dakata sai likita ya ce an gama. Maigida, kai za ka gaya wa wanzami tun kafin ranar suna, domin mai jego ba za ta iya musu da surukarta ba.