Shall, may da must: ƙananan kalmomin da ke ɗaure mutum ko su sake shi a takardun doka

Da Turanci aka rubuta kundin tsarin mulkin Nijeriya na 1999. Haka dokokin da majalisu ke yi, da takardar ɗaukar aiki, da yarjejeniyar haya, da sharuɗɗan bashin banki. Wanda ya yi sakandare yakan karanta irin waɗannan takardu ya tsaya kan manyan kalmomi masu wuyar furtawa, ya tsallake 'yan ƙananan da ke gaban aikatau, alhali a wurinsu hukuncin yake. Su ne shall, must, may, can, should da need, sai kuma yadda kowannensu ke sauyawa idan not ta biyo baya. Malaman nahawu suna kiransu mataimakan aikatau. Aikinsu shi ne su faɗa maka ko abu dole ne, ko zaɓi ne, ko shawara ce, ko an hana.

Wannan rabe-rabe ba baƙo ba ne ga duk wanda ya zauna gaban malami a zaure ya ji hukunce-hukuncen nan biyar. Must da shall suna tsaye inda wajibi yake. Should tana kusa da mustahabbi: an so ka yi, amma barinsa ba ya jawo hukunci. May da can su ne halas, ka yi ko ka bari. Should not ta yi kama da makaruhi, must not da shall not kuwa hani ne kai tsaye. Kwatance ne kawai don a gane tsarin, domin dokar da ɗan Adam ya rubuta daban take da hukuncin shari'a, amma wanda ya riƙe wannan jeri ya samu rabin karatun.

Shall ce ta fi rikita mutane, kuma tun daga aji ake samun matsalar. An koya mana I shall go a matsayin zan tafi, wato abin da zai faru nan gaba. A harshen doka ba haka take ba. Idan doka ta ce jami'i shall ya yi kaza, ba labarin gobe take bayarwa ba, ɗora masa nauyi take yi. Duba sashe na 35 na kundin tsarin mulki. Ƙaramin sashe na 3 ya ce wanda aka kama ko aka tsare "shall be informed in writing within twenty-four hours" game da dalilan kama shi, kuma da harshen da yake ji. In ka fassara da "za a sanar da shi", sai ta zama kamar alkawarin da za a cika in an samu sarari. Ma'anarta ta gaskiya ita ce wajibi ne a sanar da shi a rubuce cikin awa 24. Ƙaramin sashe na 4 ya wajabta a kai shi kotu cikin lokacin da ya dace, na 5 kuma ya fayyace lokacin: kwana ɗaya idan akwai kotun da ke da hurumi a cikin tazarar kilomita 40, in babu kuwa kwana biyu, ko abin da ya fi haka in kotu ta ga ya dace. An ware wanda ake zargi da laifin da hukuncinsa kisa ne daga wannan ƙa'ida. Na 6 ya ce wanda aka tsare ba bisa doka ba yana da haƙƙin diyya da neman afuwa a bainar jama'a, kuma nan ma shall aka sa. Uban da ke tsaye a bakin caji ofis kwana huɗu bayan an kama ɗansa ba alfarma ya zo roƙo ba. Ya kamata ya san haka, ko da zai yi maganarsa cikin ladabi.

Idan aka ƙara not, umarnin ya koma hani. Sashe na 10 na kundin tsarin mulki ya ce gwamnatin tarayya ko ta jiha "shall not adopt any religion as State Religion". Dokar gudanar da shari'ar laifuka ta 2015, wadda lauyoyi ke kira ACJA, tana da irin waɗannan hane-hane da suka shafi talaka kai tsaye. Sashe na 7 ya hana a kama wani a madadin wanda ake zargi, wato ba a ɗauke mata ko ƙane don a matsa wa mai laifi ya fito. Sashe na 8 ya hana a kama mutum kan saɓanin da ba laifi ba ne, kamar karya yarjejeniyar ciniki. 'Yan kasuwa su lura da wannan, domin bashi tsakanin mutum biyu maganar kotu ce, ba ta ɗakin tsaro ba. Sashe na 167 kuma ya hana a ƙi mutum ya tsaya wa wani beli don kawai mace ce. Dokar ta tarayya ce, amma jihohi sun yi nasu a kan tsarinta, sai dai lambobin sassan kan bambanta.

May kuwa iko take bayarwa, ta bar wa mai ikon zaɓi. Sashe na 175 na kundin tsarin mulki ya ce shugaban ƙasa may ya yi wa mai laifi afuwa. Babu fursunan da zai kai shi ƙara don bai yafe masa ba. Amma a ƙaramin sashe na 2 sai kalmar ta sauya: ikon nan shall a yi amfani da shi bayan an tuntuɓi Majalisar Magabata ta Ƙasa. Yin afuwar zaɓi ne, tuntuɓar kuwa dole ce. Ta wannan hanya aka bi a watan Afrilun 2022 lokacin da aka yi wa tsofaffin gwamnoni Joshua Dariye da Jolly Nyame afuwa. Sashe ɗaya, kalmomi biyu, hukunci biyu. Haka ya kamata a riƙa karanta kowace takarda, jimla bayan jimla, ana tambaya wa aka ɗaure a nan, wa aka bar wa zaɓi.

Nijeriya ta taɓa ɗanɗana abin da rashin shall ke jawowa. A ranar 23 ga Nuwamban 2009 marigayi Shugaba Umaru Musa 'Yar'aduwa ya tafi Saudiyya jinya. Sashe na 145 na kundin a wancan lokacin cewa ya yi duk sa'ad da shugaban ƙasa ya aika wa shugaban Majalisar Dattawa da kakakin Majalisar Wakilai takardar cewa zai tafi hutu ko ba zai iya aiki ba, mataimakinsa zai riƙe ƙasa. Ya faɗi abin da zai biyo bayan takardar, bai ce dole a aika ta ba. Takarda ba ta zo ba, ƙasa ta zauna sama da wata biyu ba a san wanda ke riƙe da ita ba, har sai ranar 9 ga Fabrairun 2010 da majalisa ta dogara da hujjar larura ta mai da Goodluck Jonathan muƙaddashin shugaban ƙasa. A gyaran da aka yi wa kundin a 2010 an rubuta "he shall transmit", aka kuma ƙara cewa in kwana 21 suka wuce bai aika ba, majalisa ta ba mataimaki riƙo da rinjayen ƙuri'a. Wannan gyara ya yi daidai, kuma ya nuna cewa shall ita kaɗai ba ta isa ba sai an faɗi abin da zai faru in an ƙi bin ta.

Should ta fi yawa a takardun shawara da jagororin aiki, amma kada a raina ta. A taron sauyin yanayi na birnin Paris, ranar 12 ga Disamban 2015, an tsayar da zaman ƙarshe saboda ita. Daftarin ƙarshe na yarjejeniyar da ƙasashe za su amince da ita ya fito da shall a sashin da ke magana kan ƙasashe masu arziki su ja gaba wajen rage hayaƙi. Wakilan Amurka ƙarƙashin sakataren harkokin wajensu na lokacin, John Kerry, suka ce ba za su amince ba, domin shall za ta mai da abin wajibi na doka, wanda zai iya sa sai an kai yarjejeniyar gaban Majalisar Dattawan ƙasarsu. Aka sanar cewa kuskuren rubutu ne, aka mayar da should, sannan aka zartar. A Birtaniya ma littafin ƙa'idojin hanya ya bambance su a fili: inda aka rubuta must ko must not doka ce, saɓa mata laifi ne, inda aka rubuta should shawara ce, ko da yake kotu na iya duba ta wajen tantance wanda ya jawo hatsari.

Akwai tarko guda da ke kama har waɗanda suka yi nisa a boko, shi ne bambancin must not da need not. Must da have to kusan abu ɗaya suke nufi, dole. Amma da zarar an kore su sai su rabu. You must not pay na nufin kada ka biya, an hana. You need not pay, ko you do not have to pay, na nufin ba sai ka biya ba, in ka biya ma babu laifi. A kan kwalin magani wannan bambanci na iya zama maganar rai: must not be taken hani ne, ba shawara ba. Haka a takardar biza da ta ce mai ita must not work. Wanda ya ɗauka "ba dole ne ya yi aiki ba" ya kama sana'a a can, ya karya sharaɗin zamansa. May not ma fuska biyu gare ta. Candidates may not leave the hall na nufin ba a yarda ɗalibai su fita daga ɗakin jarrabawa ba. He may not come kuwa na nufin wataƙila ba zai zo ba. Abin da ke kewaye da jimlar ne ke nuna wacce ake nufi, shi ya sa masu tsara doka da suka san aikinsu ke guje mata.

Can da may wajen neman izini ba su da wani nauyi a nan. Can I come in ta yau da kullum ce, may I come in ta fi ladabi.

Saboda yawan gardamar da shall ke haddasawa a kotuna, wasu ƙasashen sun fara jingine ta. A 2007 Amurka ta sake rubuta ƙa'idojin shari'ar da ba ta laifi ba a kotunan tarayya, aka maye gurbin shall da must a kusan ko'ina. Ofishin da ke tsara dokoki ga majalisar Birtaniya shi ma must yake fifitawa yanzu. A ganina masu rubuta mana doka su bi wannan hanya, domin must ba ta da wata ma'anar "nan gaba" da za ta ruɗa ɗan makaranta.

Sai dai kada mai karatu ya ɗauka duk inda ya ga shall zai iya rugawa kotu. Babi na biyu na kundin tsarin mulki cike yake da ita. Sashe na 14 ya ce tsaro da walwalar jama'a shall su zama babban manufar gwamnati. Sashe na 18 ya ce gwamnati shall ta samar da ilimin firamare kyauta kuma tilas, amma ya saƙa "as and when practicable", wato sa'ad da hali ya yi. Bayan haka sashe na 6 ya cire wa kotuna ikon sauraren ƙarar cewa gwamnati ta saɓa wa wannan babi. Abin yana da ciwo, domin a nan ne alkawuran da suka fi shafar talaka suke. Hanyar da ta rage ita ce majalisa ta ɗauki alkawarin ta mai da shi doka mai zaman kanta, kamar yadda aka yi da dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004.

Haka kuma ba kowace may ce zaɓi tsantsa ba. Tun 1880, a shari'ar Julius da Bishop na Oxford, alƙalan Ingila suka kafa cewa wani ikon yakan zo haɗe da nauyi, musamman in an ba jami'i shi ne don amfanin wasu mutane. Kotunan Nijeriya suna bin wannan ƙa'ida. Sashe na 15 na ACJA ya ce idan wanda aka kama ya so ya amsa laifi, bayaninsa shall ya kasance a rubuce, kuma may a ɗauke shi a bidiyo. Sashe na 17 ya ce may a ɗauki bayanin a gaban lauyan da ya zaɓa. Jami'an da ke binciken laifi suka riƙa cewa ai may aka ce, don haka in sun ga dama. A shari'ar Nnajiofor, Kotun Ɗaukaka Ƙara ta ce a'a a 2018, Kotun Ƙoli kuma ta tabbatar a 2024: an sa waɗannan sassa ne don a kare wanda ake zargi daga tilasta masa amsa laifi, saboda haka may ɗin nan dole take nufi, kuma bayanin amsa laifin da aka ɗauka ba tare da bin su ba kotu na iya ƙin karɓarsa. Wanda aka kai ɗan'uwansa kotu da takardar da aka ce ya amsa laifi a ciki, ya tambayi lauya ko an ɗauki bidiyo, ko akwai lauya a wurin lokacin da aka rubuta ta, da kuma abin da dokar jiharsu ta ce a kan haka.