Zafin rana daban, ɗumin teku daban

An daɗe ana ɗauka in dai rana ta ƙwalle to ruwan teku ma da ɗumi, shi yasa wasu masu hawan igiyar ruwa ke sayen rigar roba, wadda ake sawa don kare sanyin ruwa, marar kauri. Ba haka abin yake ba. Kef Tawun a Afirka ta Kudu, Janairu ana zufa amma ruwan ɓangaren Atlantika kan sauka wajen digiri 12 a ma'aunin Celsius, don iska ce ke kore ruwan sama sai na ƙasa mai sanyi ya taso. Irin wannan sai riga mai kaurin milimita 4 ko 5. Kafin ka saya duba ɗumin ruwan wurin a intanet, ba zafin gari ba, ko ka tambayi masu shiga kullum. Don Allah a tura wa wasu.