Ruwanmu ne ke juya Shiroro, to wutar ta waye a dokance?

Shekaranjiya da daddare a teburin mai shayin layinmu nan Anguwan Rogo a Jos gardama ta kaure, wani dattijo ya ce shi fa abin da ya kasa ganewa, kogin Kaduna daga nan saman Filato ya faro, shi ne ya gangara har jihar Neja yake juya injinan wutar lantarki na dam ɗin Shiroro da Zungeru, amma mu masu ruwan muna zaune da tocila. Na ce Baba maganarka ta ruwa gaskiya ce, sai dai doka ba da ruwa take lissafi ba. Ya ce to ɗana da me take yi? Amsar ce na ga gara in rubuta.

Manyan dam ɗin da muke taƙama da su duk a yankin Neja suke. Kainji da aka gama a 1968 megawat 760, Jebba 578, Shiroro 600 tun 1990, sai Zungeru sabo mai 700. Ruwa ya taru a bayan bango, a buɗe masa ƙofa ya faɗo da ƙarfi ya juya injin, injin ya haifi wuta. Daga nan ba a ce wannan ta Minna ce wannan ta Jos ce, duk ana zuba ta ne a babban layin ƙasa da TCN, kamfanin dakon wuta na ƙasa, ke riƙe da shi, ta gauraye da wadda tashoshin gas na kudu suka bayar, kamar dai kowa ya kawo mudunsa an zuba a tukunya ɗaya. Kuma gas ɗin ne ya fi yawa nesa ba kusa ba. Sai a raba wa kamfanonin rarrabawa, namu JED wanda ke ɗauke da Filato, Bauchi, Gombe da Binuwai.

Amfanin dam a wannan tukunya ba yawa ba ne kawai, sauri ne. Layin yana son tsayawa a kan bugu 50 a daƙiƙa, in jama'a suka ja fiye da abin da ake zubawa sai ya fara tangal-tangal, to injin ruwa cikin 'yan mintuna ake ƙara masa ko a rage, ba ya jiran bututun gas kuma babu kuɗin mai. In layin ya faɗi gaba ɗaya ma tashoshin ruwa na cikin waɗanda ake fara tayar da shi da su. Shi ya sa gwamnatin tarayya ba ta wasa da su.

Yanzu doka. A watan Maris 2023 Buhari ya sa hannu a gyaran kundin tsarin mulki da ya ba jihohi damar yin harkar wuta ko a inda layin ƙasa ya riga ya kai, da can an hana su. A watan Yuni Tinubu ya sa hannu a sabuwar dokar lantarki ta 2023, wadda ta ture ta 2005. Nan ne mutane suka ɗauka an ce kowace jiha ta ɗauki dam ɗinta, amma ko kusa dokar ba haka ta ce ba. Abin da ta ce shi ne jiha tana iya yin dokarta, ta kafa hukumarta, ta ba da lasisin samarwa da rarrabawa a cikin iyakarta, kamar yadda Inugu, Ondo da Ekiti suka fara karɓar ragama a 2024. Amma duk wutar da ta hau babban layi ko ta tsallaka iyakar jiha, har yanzu a hannun NERC take, wato hukumar tarayya mai kula da harkar wuta. Kenan gwamnan Neja da kansa ba zai aika takarda ya ce a juyo masa da Shiroro ba, balle mu da ruwan kawai ya ratsa ta bayan gidanmu. Su kansu tashoshin tun 2013 kamfanoni ke tafiyar da su bisa yarjejeniya, Mainstream a Kainji da Jebba, North South Power a Shiroro.

To masu ruwa ba su da komai kenan? Akwai. Akwai hukumar HYPPADEC mai hedikwata a Minna, an yi ta ne don yankunan da dam ke shafa, ambaliya, zaizayar ƙasa, gonakin da ruwa ya cinye, kuma Filato na cikin jihohinta, abin da da yawanmu ba mu ma sani ba. Sannan gyaran da aka yi wa dokar a 2024 ya ce kamfanonin samar da wuta su ware kashi 5 cikin ɗari na kuɗin da suke kashewa wajen gudanar da aiki a shekara don garuruwan da suke zaune a ciki. Lura dai, wannan rijiya ce da makaranta da asibiti, ba wuta kyauta ba.

Ni wurin da ya fi burge ni a dokar bai ma shafi manyan dam ba. Wanda zai samar da wutar da ba ta wuce megawat 1 ba, ba sai ya nemi lasisi ba. Kuma mu a Jos ai ba baƙon abu ba ne, tun 1929 kamfanin NESCO ke samar da wuta daga ruwan Kurra don masu haƙar kuza, tun ba a haifi Kainji ba, kuma tsofaffin Bukur za su ba ka labarin yadda take zama. Ga tsaunuka ga gangare ga ƙoramu, ƙaramin dam da zai ci da ƙaramar hukuma ɗaya ba sai ya bi ta Abuja ba in wutar a cikin jiha za ta tsaya. Kowa ya tuna Oktoban 2024 da aka lalata layin Shiroro zuwa Kaduna, Arewa ta yi kwana da kwanaki a duhu alhali ruwa na nan maƙil a dam, waya ce kawai ta yanke.

Da na gama wannan dogon bayani Baba ya kurɓi shayinsa ya ce duk ya ji, amma shi a nuna masa ofishin da zai je ya karɓi kuɗin ruwansa.