Daga S1 zuwa S10: yadda doka ke auna mai lalurar jiki kafin ya shiga tseren iyo mai nisa

Wata uwa daga Rigasa ta kawo mini ɗanta wurin da nake koya wa yara iyo ranakun Asabar a nan Kaduna. Zai yi shekara 16, shan inna ta shanye masa ƙafar hagu, amma kafaɗunsa kamar na maƙeri saboda shekarun da ya yi yana dogara sanda. Ya jingine sandunan, ya kwance ƙarfen ƙafarsa, ya silale cikin ruwa, ya je ya dawo sau huɗu bai ko tsaya shan iska ba. Uwar ta ja mayafinta ta ce, "Malam, in ya je gasa da wa za a haɗa shi? Kada a jera shi da masu ƙafa biyu a karya masa zuciya." Na ce mata, "Hajiya, kwantar da hankalinki, akwai dokar da aka yi domin wannan fargabar taki."

Dokar ta hukumar World Para Swimming ce, wadda ke ƙarƙashin kwamitin Paralympics (wasannin Olamfik na masu lalurar jiki) na duniya mai hedikwata a birnin Bon na Jamus. Ta kasa masu lalurar gaɓoɓi gida goma, S1 zuwa S10. Idan lambar ta yi ƙasa, lalurar ta fi tsanani. S11 zuwa S13 na masu matsalar gani ne, S14 kuma na masu lalurar fahimta.

Abin da ya fi burge ni shi ne dokar ba ta tsaya kan sunan ciwo ba. Abin da jiki ke iya yi cikin ruwa take aunawa. Ana ɗaukar cikakken jiki a matsayin maki 300: hannaye 130, ƙafafu 100, gangar jiki 50, tashin farko 10, juyi a bango 10. Daga nan sai a riƙa ragewa gwargwadon abin da ya raunana. Dole a rasa aƙalla maki 15 kafin a shiga tsarin ma. Mai maki 266 zuwa 285 ɗan S10 ne, mai 241 zuwa 265 ɗan S9, haka ake sauka har zuwa S1, masu maki 65 ko ƙasa da haka. Shi ya sa za ka ga mai shan inna da wanda aka yanke wa hannu sun jeru a tsere ɗaya, ɗan kallo ya ce an yi rashin adalci. Ba a yi ba. Kowa da inda ya rasa makinsa, amma jimillar ta zo kusa. Ka lura kuma hannu ya fi ƙafa nauyi a lissafin, domin a salon firistayil, wato iyon ganin dama, hannu ne ke jan ruwa. Wanda aka yanke wa ƙafa ɗaya ƙasa da gwiwa yakan faɗa S10, wanda ya rasa hannu ɗaya sama da gwiwar hannu kuwa yakan faɗa S8.

Awon kansa mutum biyu ke yi, ɗaya masanin lafiya, ɗaya masanin iyo. A kwantar da kai a benci a gwada ƙarfin kowace tsoka daga sifiri zuwa biyar, a duba iya inda gaɓa ke lanƙwasuwa, a auna tsawon dungu idan yankewa ce. Sai a shiga ruwa a ga yadda kake shawagi, da tashi, da juyi. Ana kuma iya sa maka ido ranar gasa, a ga ko abin da ka nuna a benci shi ne gaskiyarka. Wanda ya langaɓe da gangan don a sa shi rukunin da zai fi samun sauƙi, in aka gano, dakatar da shi ake yi, har da mai horarwar da ya kitsa masa. Raɗaɗin ciwo kaɗai ba ya ba mutum rukuni, haka ma kurumta, su kurame gasarsu daban take.

Kan nisa kuwa, a gasar Paralympics 'yan S6 zuwa S13 ne ke tseren mita 400, wato tsawon tafki takwas idan tafkin mai mita 50 ne. Na S5 zuwa ƙasa iyakarsu mita 200. Mita 800 da 1500 ba sa cikin jadawalin Paralympics, sai a wasu gasannin. A waɗannan dogayen tsere biyu idan ya rage maka tsawon tafki biyu da mita biyar alƙali zai kaɗa ƙararrawa a kan layinka.

Salon shi ne firistayil, iyon ganin dama: ka yi rub-da-ciki, ka yi rigingine, duk ɗaya. Sharaɗin shi ne wani sashe na jikinka ya taɓa bango a kowane juyi da kuma ƙarshe, ko da dungu ne, ko kai. Ba a wuce mita 15 a nutse bayan tashi ko juyi. In ka gaji ka tsaya da ƙafa a ƙasan tafki ba a kore ka ba, amma ba a takawa, ba a kuma jan igiyar layi.

Ga wadda ta fi ba iyaye mamaki: ba a shiga ruwa da ƙafar roba, ko ƙarfen ƙafa, ko wani abin taimako. Sai dai an sassauta wajen tashi. Kana iya faɗawa daga kan dakali, ko a zaune, ko ka fara daga cikin ruwa. Wanda ba ya iya riƙe bango mataimaki na iya riƙe shi har a ba da alamar tashi, muddin bai tura shi ba.

Na ba yaron labarin Natalie du Toit ta Afirka ta Kudu, wadda ta rasa ƙafar hagu a haɗarin babur a 2001. Ta ci zinare a mita 400 na S9 a Atens 2004, da Bejin 2008, da Landan 2012, ta kuma shiga tseren kilomita 10 na Olamfik a Bejin tare da masu ƙafa biyu ta zo ta 16. Idanunsa suka ƙara girma.

Inda nake jin tsoro a wurinmu shi ne takarda. Ba a auna kowa a matakin duniya sai da fom ɗin da likita ya cika da Turanci, mai bayyana asalin lalurar da kuma cewa ta dindindin ce, kuma ta hannun kwamitin Paralympics na ƙasa ake miƙa shi. Yawancin yaranmu na shan inna ba su da ko katin asibiti na ƙuruciya. Shi ya sa na roƙi Hajiya kafin ta saya masa tabarau na ruwa ta fara kai shi wurin likitan ƙashi a rubuta rahoto, a adana hotunan gwaji a cikin leda. Asabar da ta biyo baya ta zo da ambulan a hannu, shi kuma muka fara ƙirga masa tsawon tafki takwas da agogo.