Daɗaɗɗun cututtuka da mace-macen annobar korona

Daɗaɗɗun cututtuka su ne waɗanda ke zama a jikin mutum shekara da shekaru, ana lallaɓa su da magani amma ba kasafai ake rabuwa da su ba: ciwon suga, hawan jini, ciwon zuciya, ciwon ƙoda, asma da sauran cututtukan huhu, kansa, sikila da cuta mai karya garkuwar jiki. Annobar korona, wadda ta ɓulla a birnin Wuhan na ƙasar Sin a watan Disamban 2019, ta fi yin kisa a cikin tsofaffi da masu irin waɗannan cututtuka. An tabbatar da shigarta Kamaru ranar 6 ga Maris 2020 a Yawunde, sannan Cadi ranar 19 ga watan a Injamena.

Abin da alƙaluma suka nuna

Babban rahoton farko ya fito daga hukumar yaƙi da cututtuka ta ƙasar Sin a Fabrairun 2020, kan mutum 44,672 da gwaji ya tabbatar sun kamu. A cikinsu kashi 2.3 cikin ɗari ne suka rasu. Amma da aka rarraba su, sai bambancin ya fito fili: kashi 10.5 a masu ciwon zuciya, 7.3 a masu ciwon suga, 6.3 a masu tsohon ciwon huhu, 6 a masu hawan jini, 5.6 a masu kansa, alhali waɗanda ba su da wata cuta a jiki ba su kai kashi ɗaya ba. Shekaru kuwa sun fi komai nauyi, domin a cikin waɗanda suka kai 80 kashi 14.8 ne suka rasu.

A watan Yulin 2020 wani bincike a Ingila, wanda ya duba bayanan manya fiye da miliyan 17, ya ƙara wani abu mai muhimmanci. Mai ciwon suga da sugarsa ta daɗe a sama ya fi wanda ke kula da tasa shiga haɗari, ko da yake sunan cutarsu ɗaya. Binciken ya kuma nuna maza sun fi mata mutuwa, kuma ƙiba mai yawa tana kusan ninka haɗarin.

Binciken da ya fi kusa da halin Kamaru da Cadi shi ne na lardin Western Cape a Afirka ta Kudu. Can aka gano cewa masu cuta mai karya garkuwar jiki sun ninka sauran mutane a haɗarin mutuwa, masu fama da tarin fuka kuwa sun haura ninki biyu da rabi.

Yadda abin ke faruwa a jiki

Ƙwayar cutar tana shiga jiki ta wata ƙofa da masana ke kira ACE2, wadda ake samu a huhu, da zuciya, da ƙoda, da bangon jijiyoyin jini. Shi ya sa ɓarnarta ba ta tsaya a ƙirji ba. Idan huhu ya cika da ruwa, iskar oksijin ta ragu a jini, dole zuciya ta ƙara gudu, kuma zuciyar da hawan jini ya riga ya gajiyar da ita shekara goma ko ashirin ba ta da sauran ƙarfin da za ta ƙara. Cutar tana kuma sa jini ya riƙa daskarewa a cikin jijiyoyi, abin da ke kai wa ga shanyewar ɓarin jiki ko toshewar jijiyar huhu.

Ciwon suga ya fi rikitarwa. Yawan suga a jini yana raunana garkuwar jiki, zazzaɓin korona kuma yana ƙara tayar da sugar, har ta kai majinyaci ga suma. Ga wani ƙulli kuma: maganin dexamethasone, wanda gwajin da aka yi a Birtaniya ya nuna a watan Yunin 2020 yana rage mutuwa da kashi ɗaya bisa uku a cikin waɗanda ke kan na'urar numfashi, shi kansa yana tayar da suga. Saboda haka wanda aka ba shi maganin yana buƙatar a riƙa soka masa yatsa ana awo sau da yawa a rana, a kuma daidaita masa allurar insulin. Ƙaramin asibitin da ba shi da isassun tsinken awo ba zai iya wannan ba.

Akwai kuma abin da ya yaudari iyalai da dama. Majinyaci kan zauna yana hira, bai ce numfashinsa ya sarƙe ba, amma da an maƙala masa ɗan abin awo a yatsa sai a ga iskar jininsa ta faɗi ƙasa da kashi 90. Kafin haki ya bayyana, an makara.

Arewacin Kamaru da Cadi

A hukumance, waɗanda korona ta kashe a Kamaru sun kusa 2,000, a Cadi kuwa ba su kai 200 ba. Ƙuruciyar al'umma ta taimaka ƙwarai, tunda fiye da rabin mutanen Cadi ba su kai shekara 18 ba. Sai dai bai kamata a ɗauki waɗannan lambobi a matsayin cikakken lissafi ba. Gwaji ya yi ƙaranci, kuma a Garwa, da Marwa, da Kusuri, kamar sauran garuruwan Musulmi, wanda ya rasu da hantsi a gida ana kai shi makwancinsa kafin la'asar, ba tare da takardar likita ba. Za a ce dama Malam yana fama da hawan jini, ko Hajiya ta ɗan yi mura da zazzaɓi. A duniya baki ɗaya ma, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa annobar ta jawo mutuwar mutum miliyan 14.9 a 2020 da 2021, alhali miliyan 5.4 aka ba da rahoto.

Babbar matsalar yankin ita ce cutar da mai ita bai san da ita ba. Ƙungiyar masu yaƙi da ciwon suga ta duniya ta ƙiyasta a 2021 cewa fiye da rabin masu ciwon a Afirka ba a taɓa gano su ba. Hawan jini ma haka yake, ba ya ciwo, mutum na kasuwarsa har ranar da zai faɗi. Shelar da aka riƙa yi a rediyo cewa masu daɗaɗɗun cututtuka su kiyaye kansu ba ta isa ga wanda yake ganin lafiyarsa ƙalau ba. Ga mata kuma da suka shafe shekaru suna shaƙar hayaƙin itace a madafa, huhunsu ya raunana ba tare da an taɓa ba ciwon suna ba.

Waɗanda suka san cutarsu ma sun sha wuya ta wata fuskar. Rufe iyakoki a Maris 2020 ya takura zirga-zirga tsakanin Kusuri da Injamena, tsoron kamuwa ya hana wasu zuwa karɓar magani, wasu suka koma jiƙo da sassaƙe. Mai wankin ƙoda ba shi da wannan zaɓin, dole ya je garin da ke da cibiyar wankin sau biyu ko uku a mako. Azumin shekarar kuma ya faɗo ƙarshen Afrilu, tsakiyar zafin bazara, lokacin da mai insulin da ba shi da firji ke ajiye kwalbarsa a jikin randa don kada ta lalace. An kuma yaɗa jita-jitar cewa wasu magungunan hawan jini suna buɗe wa ƙwayar cutar ƙofa. Ƙungiyoyin likitocin zuciya sun yi gargaɗi tun a watan Maris kada a daina shan su, gwajin da aka yi daga baya a Barazil kuma bai ga amfanin dainawa ba.

Riga-kafi

Kamaru ta fara allurar riga-kafi a Afrilun 2021, Cadi a watan Yuni, inda aka sa ma'aikatan lafiya, da tsofaffi, da masu daɗaɗɗun cututtuka a sahun gaba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta janye dokar ta-ɓaci kan korona ranar 5 ga Mayun 2023, amma ta ci gaba da ba da shawarar ƙarin allura ga waɗannan rukunoni da mata masu juna biyu.