Wa Ke Fara Shiga Jirgi? Matsayin Doka Kan Layi, Kuɗin Kujera da Makin Fasinja

Idan ma'aikatan kamfanin jirgin sama suka fara kiran fasinjoji rukuni-rukuni a bakin ƙofar shiga, mutane da yawa suna zaton wata hukuma ce ta shimfiɗa wannan jeri. A mafi yawan ƙasashe ba haka abin yake ba. Kamfani ne yake yanke wanda zai fara shiga da wanda zai yi ƙarshe, shi ne kuma yake sa wa kujeru farashi, doka ba ta sa baki sai a wasu 'yan wurare ƙididdigaggu. A Amurka, tun daga dokar shekarar 1978 da ta sakar wa kamfanonin jiragen sama mara, gwamnati ta daina tsara musu farashi da hanyoyin zirga-zirga, har ma an hana jihohi kafa dokokin da suka shafi farashinsu ko hidimarsu.

Abin da ke tsakanin fasinja da kamfani yarjejeniya ce, wato sharuɗɗan sufuri da mutum yake amincewa da su lokacin sayen tikiti, ko da bai karanta ko layi ɗaya ba. Alƙawarin da ke ciki shi ne a kai shi daga wannan gari zuwa wancan a ajin da ya biya. Kujera takamaimai ba ta cikin alƙawarin, domin kusan kowane kamfani yana rubuta cewa yana da ikon sauya wa fasinja wurin zama saboda tsaro ko buƙatar aiki, ko da an riga an shiga jirgin. Mutum zai iya biyan kuɗin kujera ta 12A don ya zauna kusa da taga, sai a wayi gari an canza jirgin da wani ƙarami wanda tsarin kujerunsa daban ne, katin shigarsa ya fito da 27E, a tsakiyar mutum biyu. Haka kuma idan jirgi bai cika ba, matuƙi yana iya umartar a tayar da wasu daga gaba zuwa baya don nauyi ya daidaita. A irin wannan hali abin da fasinja yake da haƙƙin nema shi ne kuɗin da ya biya na zaɓen kujera, ba kujerar kanta ba.

Dalilin da ya sa wuri a layi ya zama hajar sayarwa yana da alaƙa da kaya. A shekarar 2008 manyan kamfanonin Amurka suka fara karɓar kuɗi a kan akwatin farko da ake sakawa a ma'ajiyar kaya ta ƙasan jirgi, sai fasinjoji suka koma cusa komai a jakar hannu, ma'ajiyar da ke saman kujeru kuwa ba ta isar kowa. Wanda ya shiga a rukunin ƙarshe yakan tarar ta cika maƙil, a karɓi jakarsa a kai ta ƙasa. Saboda haka abin da mai biyan kuɗin shiga da wuri yake saya, a zahiri, shi ne gurbin jaka. Da sauri kawai ake nema, da ba a bi wannan tsari ba: a 2008 ɗin wani masanin kimiyyar sararin samaniya, Jason Steffen, ya nuna cewa an fi saurin cika jirgi idan masu kujerar taga suka fara shiga, daga baya zuwa gaba, ana tsallake layin kujeru ɗaya tsakaninsu don kowa ya sami sararin ajiye kaya. Amma tsari irin wannan ba ya barin abin da za a sayar. Kuɗin kuwa ba kaɗan ba ne, domin wani rahoton kwamitin bincike na Majalisar Dattawan Amurka a 2024 ya gano cewa kamfanoni biyar sun tara dala biliyan 12.4 daga kuɗin kujeru tsakanin 2018 da 2023. Ko kamfanin jirgin Southwest, wanda ya shafe fiye da shekara 50 yana barin kowa ya zauna inda ya samu, ya sanar a 2024 cewa zai koma raba kujeru.

Wuri na farko da doka ta ɗaure hannun kamfani shi ne batun masu buƙata ta musamman. A ƙarƙashin dokar Amurka ta 1986 da ƙa'idojin da suka biyo bayanta, duk mai nakasa da ya bayyana a bakin ƙofa cewa yana buƙatar ƙarin lokaci ko taimako, dole ne a shigar da shi kafin kowa, har da masu ajin alfarma. Dokar Tarayyar Turai mai lamba 1107 ta 2006 ta wajabta wa kamfani yin iyakacin ƙoƙari wajen ba shi kujerar da ta dace da lalurarsa, da zaunar da ɗan rakiyarsa kusa da shi. Kujerun da ke bakin ƙofar gaggawa su ma suna da nasu hukunci, ko da yake kamfanoni suna sayar da su da tsada saboda sararin miƙe ƙafa. A Amurka wanda bai kai shekara 15 ba, ko wanda ba zai iya buɗe ƙofar ba, ko ba zai fahimci umarnin ma'aikata ba, ba ya zama a nan, komai kuɗin da ya biya.

Batun yara ne ya fi tayar da ƙura, domin idan iyaye ba su biya kuɗin zaɓe ba, kwamfuta tana iya jefa uwa a gaba, ɗanta mai shekara huɗu a can baya tsakanin baƙi. Kanada ce ta fi fayyace ƙa'idarta, tun 2019: yaron da bai kai shekara 5 ba a zaunar da shi daf da mahaifi ko mai kula da shi, mai shekara 5 zuwa 11 a layi ɗaya ba tare da tazarar da ta wuce kujera ɗaya ba, mai 12 ko 13 kuma kada ya yi nisan da ya wuce layi ɗaya, duk ba tare da ƙarin kuɗi ba. Italiya ta haramta karɓar irin wannan kuɗi a 2021, Indiya ta bi sahu a 2024 game da yara 'yan ƙasa da shekara 12. A ganina wannan shi ne daidai, domin idan hatsari ya taso babu uwar da za ta nufi ƙofar fita ta bar ɗanta a baya, kuma wannan kaɗai ya isa ya jefa sauran fasinjoji cikin haɗari.

Dangane da farashi, dokar Turai mai lamba 1008 ta 2008 ta ce dole a nuna cikakken kuɗin tikiti tun farko, duk wani ƙari na zaɓi kuma sai fasinja ya amince da kansa, ba a yarda kamfani ya riga ya sa masa alamar amincewa ba. Ma'aikatar Sufurin Amurka ta fitar da ƙa'ida a 2024 da ta wajabta mayar da kuɗin duk hidimar da aka biya ba a samu ba, har da zaɓen kujera. Saukar da fasinja daga babban aji zuwa ƙarami ya fi sauya kujera nauyi: dokar Turai mai lamba 261 ta 2004 ta ce a mayar masa da kashi 30, 50 ko 75 cikin ɗari na kuɗin tikitin gwargwadon nisan tafiyar, cikin kwana bakwai.

Inda matsayin fasinja a wurin kamfani yake yin tasiri sosai shi ne ranar da aka sayar da tikiti fiye da yawan kujeru, abin da doka ba ta haramta ba. Dole ne kamfani ya fara neman masu haƙura da son ransu a ba su wani abu. Idan ba su wadatar ba, ƙa'idar Amurka ta yarda ya zaɓi wanda za a bari a ƙasa bisa lokacin da ya yi rajistar shiga, ko kuɗin da ya biya, ko matsayinsa a tsarin tara maki, wato shirin da kamfani yake saka wa masu yawan hawa jirginsa da maki da gata. Ke nan mai tikiti mafi arha, wanda ba shi da lambar kujera kuma ya iso a makare, shi ne kan gaba wajen kwana a filin jirgi. Yana da diyya dai: ninki biyu ko huɗu na kuɗin tafiyar a Amurka, da iyakar da aka ƙayyade, a Turai kuma yuro 250, 400 ko 600.

Shi kansa tsarin tara maki, wanda American Airlines ya yaɗa da shirinsa na AAdvantage a 1981, kariyar da doka ta ba shi ba ta da yawa. Sharuɗɗansa sukan ba kamfani ikon sauya ƙa'ida, rage darajar maki, ko rufe asusun mutum. Wajajen 2015 manyan kamfanonin Amurka suka koma lissafa maki da yawan kuɗin da aka kashe maimakon nisan tafiya, waɗanda suka saba tara maki da tikiti mai arha ba su da ta cewa. Wani fasinja mai suna Binyomin Ginsberg, wanda kamfanin jirgin Northwest ya kora daga babban matsayi na tsarin makinsa a 2008 bisa zargin yawan ƙorafi, ya kai ƙara cewa ba a yi masa adalci ba, amma a 2014 Kotun Ƙolin Amurka ta yanke da murya ɗaya cewa dokar 1978 ta toshe irin wannan da'awa. Ƙofar da ta rage ita ce wadda kotun ta buɗe a shari'ar Wolens a 1995: fasinja yana iya ƙarar kamfani idan ya saɓa alƙawarin da shi da kansa ya rubuta a sharuɗɗansa. Don haka mai niyyar neman haƙƙinsa sai ya adana kwafin sharuɗɗan kamar yadda suke a ranar da ya sayi tikiti, tare da rasitin kuɗin kujera da katin shiga jirgi mai nuna inda aka zaunar da shi.